Ranar da Surukina Ya Kashe Mota Daga Zaure

Na yi shekaru ina tuƙa motar surukina ba mu taɓa haɗa ido ba. Baƙo zai ɗauka gaba muke yi. Kunya ce kawai, kuma tamu ta yi kauri domin 'yarsa ta fari nake aure, wadda shi kansa ba ya kiran sunanta. In na hango shi tafe a lungu, nan take nake tuna ina da uzuri a wani lungun. In kuwa muka yi kiciɓis babu hanyar zillewa, sai in tuɓe takalma in durƙusa in gaida ƙasa, shi kuma ya amsa wa katanga, kowa ya kama gabansa.

Motoci gare shi 'yan kaɗan, a-kori-kura da ƙanana na fasinja, suna jigila tsakanin Daura da Mai'adua da Zango, wani lokaci har Dutsi in ranar kasuwa ce. Sauran direbobi kan zauna a zaurensa bayan la'asar su ba shi labarin hanya. Ni tawa maganar sai ta sha zagaye. In gaya wa matata, ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta isar in ta kai masa tuwo, amsar ta biyo sawu ta dawo. In na ce taya ta suɗe, kafin izinin sayen wata ya iso ni, tayar ta riga ta yanke wa kanta hukunci a hanya.

Wata shekara ɓarayi suka tare ɗaya daga cikin direbobinsa a hanyar jeji, suka ɗaure shi a gindin aduwa, suka tsallaka da motar Nijar. Makiyaya ne suka tsince shi, igiya ta ci hannuwansa, har yau ba ya iya riƙe sitiyari. Motar kuwa ko ƙurarta ba a sake gani ba. Bayan wannan ne tsohon ya ɗauko wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ya riƙa shigar da motocin gareji ɗaya bayan ɗaya yana rufe ƙofa. Abin da yake sa musu ɗan akwati ne da bai fi na ashana ba, a cikinsa akwai sim irin na waya, ana ma zuba masa kati kamar kowane layi. Da wannan layin motar ke sanar da wayar tsohon inda take, sai ya ga ɗan ɗigo yana tafiya a kan taswira. Ta wannan layin kuma, in aka tura wa motar wani saƙo, sai ta yanke wa injin mai, ba za ta sake tashi ba sai an tura mata wani. Ba a nuna wa direba inda aka ɓoye akwatin, don kada a sa masa wuƙa a wuya ya faɗa.

Direbobi suka yi ta gunaguni, wai an sa musu ɗan sanda a ƙarƙashin kujera. Ni kuwa daɗi na ji. Matata ta taɓa tsegunta mini cewa in mahaifinta ya zauna da wayar nan, ɗigona ya fi kallo, kuma ba ya shiga gida cin abinci sai ya ga na shigo gari. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Da kaka ne abin ya faru, lokacin cirar gyaɗa. Innata ta tafi ƙauyen ƙanenta, wato kawuna, wanda ke tsallaken iyaka, gabas da Kongolam. Mu a wurinmu ba wata ƙasa ba ce, gidan kawu ne. Kowace kaka sai ta je, ko da mun hana ta, ta ce ita ba ta tsufa da tsinkar gyaɗa ba. Ni ne autanta, don haka babu kunya tsakaninmu, faɗa da tsokana ne kawai.

Da hantsi ina duba ruwan lagireto a ƙofar gida, kawu ya kira. Ƙauyensu babu sabis ɗin Najeriya sai an hau wani tudu kusa da kuka, shi ya sa na ji yana haki.

"Auta, maza ka taho da mota. Kububuwa ta sari yayata jiya da marece. Mun yi na gida bai ci ba. Yanzu jini take tofarwa."

Duk wanda ya tashi a gona ya san abin da wannan ke nufi. Dafin kububuwa ba ya kayar da mutum nan take. Jininsa yake tsinkawa ya ƙi daskarewa, ya yi ta tsiyaya ta dasashi, ta hanci, ta tsohon tabon da aka manta da shi. Na rufe bonet ban ma mayar da murfin jarka ba. Na leƙa na ce wa matata, "Ki isar gida, na tafi ɗauko Inna, maciji ya sare ta." Na ja mota. Ban bi ta ƙofar iyaka ta Kongolam ba, na yanke ta hanyar jeji da ta fi kusa, wadda 'yan ƙauyukan nan ke bi kullum, wadda kuma ɓarayin mota ke bi.

Sauran abin da ya faru a gari daga baya aka ba ni labari, amma gara in faɗe shi a nan. Matata ta yafa mayafi ta nufi gidansu, ta tarar mahaifiyarta ta tafi suna Zango tun da safe. Mahaifinta yana zaune a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi za ta shiga, ta sake durƙusawa za ta fita, maganar tana bakinta ta kasa fitowa. Yaya 'yar fari za ta tsaya gaban uba ta kawo zancen mijinta? Ta ce a ranta kafin azahar uwar ta dawo, sai ta wuce asibiti ta jira mu. Wayarta kuwa tana shagon caji, domin mun kwana biyu babu wuta.

Shi kuma tsohon yana kallon ɗigona. Ya ga ya bar kwalta, ya ga ya shiga hanyar jeji ya nufi iyaka da gudun da bai san ni da shi ba, sai ɗigon ya tsaya cak, ya daina motsi. Layin da ke cikin motar na Najeriya ne, yana tsallaka iyaka ya kurumce. Na san wayata na mutuwa a ƙauyen kawu, amma ko sau ɗaya ban taɓa kawowa a raina cewa ita ma motar waya gare ta ba. Tsohon ya sa ɗansa, ƙanen matata, ya kira ni, aka ce ba a samu na. Ya kira yayarsa, wato matata, a kashe. Ɗan ya ce, "Baba, an sake sace mana mota. A kashe ta tun ba su yi nisa ba." Ya tura saƙon da hannunsa, ya hau babur ya nufi Kongolam neman labari. Saƙon ya fita daga Daura bai sami motar ba, domin ba ta kan layi. Irin wannan saƙon kuwa ba ya ɓacewa, zama yake yana jiran ranar da mai shi zai dawo.

Ni ban san komai ba. Na tarar da Inna kwance a kan tabarma a inuwar rumbu, ƙafarta ta kumbura har gwiwa, fatar tana sheƙi, an shafe ta da wani baƙin magani. Tana riƙe da tsumma a baki, ya jiƙe ya yi ja. Da ta gan ni sai ta ce, "Kai kuma wa ya aiko ka? Kalle shi, ido duk a waje kamar shi aka sara." Muka shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kurar, kawu ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa, wata mata ta miƙo zane aka yi musu rumfa. Na tayar, ina tuƙi ina kallon madubi fiye da hanya.

Mun yi tafiya mai ɗan nisa cikin gonakin gero da aka riga aka girbe, sai na ji wayata ta soma ƙara a aljihu, saƙo na bin saƙo. Sabis ya dawo. Har na ce alhamdu lillahi, mun shigo gida. Gaba kaɗan akwai wani busasshen rafi mai yashi, dole a rage gudu a sauya giya. Ina ɗaga ƙafa daga totur, motar ta yi tari sau biyu, ta mutu a tsakiyar yashin.

Na murɗa makulli. Sitata na juyawa lafiya lau, injin ya ƙi kamawa. Na sake, na sake. Mai yana nan fiye da rabin tanki, da idona na ga an zuba. Na buɗe bonet na tsaya ina kallon injin kamar ban taɓa ganin sa ba, na taɓa kan batir, na jijjiga wayoyi. Rana ta take, babu kowa, babu ko tsuntsu. Kawu ya ɗaga murya daga baya, "Lafiya?" Na ce yanzu za ta tashi. Na koma na murɗa makullin rabi na kasa kunne. Kowane direba ya san ɗan kukan da famfon mai ke yi kafin a tayar da mota. Ban ji shi ba. Na zaro waya na ga saƙonnin nan duk na kiran ƙanen matata ne da bai same ni ba, a jere. A nan na gane daga Daura aka kashe motar.

Na faɗa wa kawu. Bai fahimci yadda mutum zai zauna a Daura ya kashe mota a jeji ba, ni ma ban tsaya bayani ba. Ya ce akwai wata ruga bayan tudun can, wataƙila a sami babur. Ya zare cinyarsa a hankali, ya sa mata hularsa a ƙarƙashin kai, ya ruga. Dattijo ne, gudun nasa abin tausayi.

Na kira ƙanen matata, tana ta ringi ba a ɗauka, yana kan babur. Na kira matata, a kashe. Na kira surukata, hayaniyar suna ta hana ta ji. Na shiga ƙarƙashin sitiyari na soma yage roba da hannu ina neman akwatin, wayoyi ja da baƙi da ɗorawa suka zubo mini a fuska, ban san wacce ce wacce ba. Na tuna in na tsinke wadda ba ita ba, ko an turo saƙon tashi motar ba za ta tashi ba. Na janye hannuna. Wallahi a lokacin na tsani akwatin nan, na tsani mai wayarin da ya ɓoye shi da gwaninta, na tsani kaina da na taɓa yabon sa.

Na zagaya baya. Jini ya soma fito wa Inna ta hanci, siriri, yana gangarawa gefen kunne. Tsagar da aka yi mata a ƙafa wurin sa magani tana ta tsatsafa, ta ɓata katifar. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida. Ni ranar duka biyun suka same ni a daji, domin lamba ɗaya ta rage, tana cikin wayata tun shekarar aurenmu, ban taɓa danna ta ba.

Inna ta buɗe ido ta ga ina kallon wayar.

"Wa za ka kira?"

"Babansu."

"Kai tsaye? Auta, kada ka ja mini abin faɗa. A ce ban yi maka tarbiyya ba."

Haƙoranta duk jini take wannan maganar. Na juya mata baya na danna.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Na durƙusa a kan yashi, Allah shaida, durƙusawa na yi kamar yana gabana. Na buɗe baki zan yi sallama, sai ya riga ni, da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Ku saurara, don Allah ku saurara. Ni ne mai motar. Ni na kashe ta, ba shi ba, bai san komai ba. Zan tayar muku da ita ku tafi da ita, na bar muku halak malak. Yaron nan dai kada ku taɓa shi. Ku faɗi abin da kuke so."

Ashe motar tana mutuwa ta tura masa saƙo, ya ga ɗigona ya dawo ya tsaya cak. Sai a lokacin ya tuna cewa in mota ta mutu a hannun ɓarayi, a kan direba za su huce. Da ya ga lambata, ya ɗauka su ne.

Na ce, "Baba, ni ne."

Ina jin numfashinsa. Sai bakina, don sabo, ya kama gaisuwa. "Barka da rana, Baba. An wuni lafiya? Ya gida, ya..."

"Kana ina? Su waye tare da kai?"

"Ni da Inna ne. Kububuwa ta sare ta, na ɗauko ta daga gidan kawu. Jini take zubarwa. Baba, a tayar mini da motar."

Ya yi salati, ya sake yi. Sai ya gaya mini wata matsalar. Ɗansa ne ya tura saƙon, shi bai iya ba. Tsohon malami ne a karatun allo, ya sauke ya haddace, amma boko ko sunansa ba ya ganewa. Mai wayarin ya ajiye masa saƙo biyu a wayar, na kashewa da na tayarwa, shi kuwa duk zane ɗaya yake gani.

"Kada ka kashe," in ji shi. "Riƙe."

Na ji ƙarar takalmi, na ji ƙofar zaure. Sai na ji surukina, mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi a bainar jama'a, yana kwarara ihu a titi: "Wa ya iya karatu? Jama'a, wa ya iya karatun boko? Ku zo!" Wani tela da ke maƙwabtaka da su ya taso daga kan keke. Na ji suna magana sama-sama, telan ya ce dole a katse kiran kafin ya tura. Layin ya yanke.

Ban san tsawon lokacin da na jira ba. Sandar sabis ɗaya ce a wayata, tana zuwa tana ɓacewa, na kuma san ta motar ba ta fi tawa ba. In ta ɓace gaba ɗaya, wannan saƙon ma zama zai yi yana jira kamar na farko. Na bar makulli a murɗe rabi, na bar ƙofa a buɗe, ina zirga-zirga tsakanin kujera da bayan mota. Inna ta daina magana. Na ce, "Inna, zage ni mana." Ba ta tanka ba. Na kama hannunta, sanyi ƙalau cikin wannan rana. Na karanta duk abin da na iya, na dawo farko, na rikice a tsakiyar Fatiha, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Tsoron da na ji a rafin nan ban taɓa jin irinsa ba, ko a hannun 'yan fashi ban ji zan ji shi ba.

Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara daga can bayan kujera, bayanta kuma ɗan kukan famfo. Na yi tsalle na murɗa. Ta kama. Na yi ta danna hon ko kawu zai ji, ban ga ko alamarsa ba, na ba ta wuta na bar shi a jeji. Har gobe yana gorin cewa ɗan yayarsa ya yar da shi babu ko hula.

A ƙofar asibiti na tarar da matata, fuska duk hawaye, gefenta kuma mahaifinta a tsaye cikin rana, kansa babu komai. Ban taɓa ganin furfurar kansa ba sai ranar. Shi ya kama gefe ɗaya na katifar, na kama ɗaya, ma'aikata suka kama sauran.

Aka sa mata allurar dafin maciji cikin ruwa. Wata nas ta bayyana mana yadda ake gane ko ta ci. Za a ɗebi jini a zuba a 'yar kwalba, a ajiye ba a taɓawa na ɗan lokaci, sannan a karkata ta. In ya daskare, magani ya fi ƙarfin dafi. In ya kwarara, da sauran aiki. Gwajin farko bayan allurar, jinin ya kwarara kamar zoɓo. Aka ƙara mata wata, aka ce sai da safe.

Washegari da hantsi aka sake ɗiba. Nas ɗin ta ajiye kwalbar a bakin taga ta duba agogo ta tafi. Benci ɗaya ne a barandar, tsohon yana zaune a kansa tun asuba. Na tsaya nesa na jingina da ginshiƙi. Bai kalle ni ba, ya dai matsa gefe ya dafa wurin da ya bari. Na zo na zauna. Kafaɗata tana gogar tasa. Mu biyu muna kallon kwalba.

Nas ɗin ta dawo. Ta ɗauki kwalbar da yatsa biyu, ta ɗaga ta saitin haske, ta soma karkata ta a hankali. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu da ƙarfi har ya yi zafi.

"Ɗana, duba mini," in ji shi. "Idona ba ya kai wa can. Ya zuba?"

Ta kifa kwalbar gaba ɗaya, bakinta na kallon ƙasa.

Na ce, "Bai zuba ba, Baba."